A fara darasin juyin halitta daga jinin sikila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin mu taɓo wani babi na darasin ilmin halittu da ya zame wa malaman sakandare garwashi a tafin hannu, wato babin juyin halitta. Yana nan cikin manhajar ajin ƙarshe, WAEC da NECO suna kawo tambaya a kansa, amma sau da yawa malami kan bar shi sai zango ya zo ƙarshe, ya rubuta layi biyar a allo, yara su kwafa, a tashi. Abin da ke zama a kan yaro bayan nan jimla ɗaya ce: wai wani Bature ya ce mutum daga biri ya fito. Da wannan jimla zai shiga jami'a, da ita zai zama nas ko mai kemis ko malamin gona, alhali ilmin da aka tsallake masa shi ne ke bayyana abin da ya sa sikila ta yi mana katutu, da abin da ya sa kulorokwin ya daina kashe zazzaɓi.

Mun san inda gizo ke saƙa. Iyaye da malamai, Musulmi da Kirista, suna tsoron kada darasin ya taɓa imanin yaro game da halittar Annabi Adamu. Za mu zo kan wannan. Amma kafin mutum ya karɓi magana ko ya ƙi ta, wajibi ne ya san ainihin abin da aka faɗa.

Abin da Charles Darwin ya wallafa a 1859, bayan an karanta takardarsa da ta Alfred Russel Wallace a wani taron masana a Landan a 1858, ya tsaya ne a kan abubuwa uku da kowane manomi ya sani. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama iri ɗaya sak. Wasu daga cikin bambance-bambancen ana gadonsu. Kuma abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa har ya haihu yawa nesa ba kusa ba. Manomin gero idan ya yi girbi, zangarniyar da ta fi tsawo da cika ita yake warewa ya rataye domin iri. Bayan damuna da yawa geron gonarsa ya bar kama da na kakansa. Darwin ya ce a daji ma ana yin wannan tankaɗe, sai dai fari da cuta da yunwa da maƙiya ne ke riƙe da rariyar. Shi ya sa muturu, gajeriyar saniyar nan, take jure sammore a dajin da tsando ya cika, inda bunaji kan rame ya faɗi. Dubban shekaru kakannin muturu suka yi cutar tana kwashe marasa juriya daga cikinsu.

Akwai kuskuren da ɗalibai ke yawan faɗawa, har a takardar jarrabawa. Suna rubuta cewa dabba tana sauya jikinta saboda buƙata, sai 'ya'yanta su gada, kamar raƙumin dawa da ya yi ta miƙa wuya har ya yi tsawo. Wannan ra'ayin Lamarck ne, Bafaranshe, na 1809, kuma wanzami ya isa ya rushe shi. Ƙarni nawa ana yi wa yara kaciya da tsagar gado a ƙasar nan, amma ba a taɓa haihuwar jariri da zanen gidansu a kunci ba. Abin da aska ta yi wa fata ba ya shiga ƙwayar haihuwa. Sauyin da ake gada yana faruwa ne a cikin DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, lokacin da ake kwafarsa, ba tare da la'akari da buƙatar kowa ba. Yawancinsa ba ya amfani ba ya cutarwa, wani ya cutar, ɗan kaɗan ya dace da muhalli. Kuma mutum ɗaya ba ya juyawa. Jama'a ce ke sauyawa, zuriya bayan zuriya.

To mu zo kan jininmu, domin nan ne ya kamata darasin ya fara. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin da ake kira himogulobin, shi ke dakon iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. Umarnin ƙera wani ɓangarensa yana rubuce a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙullin DNA da ke cikin ƙwayoyin jiki. Ɓangaren sarƙa ce mai ƙwaya 146, kamar carbi. A jinin sikila harafi ɗaya tak ya sauya a rubutun, inda ake da GAG ya koma GTG, saboda haka ƙwaya ta shida a carbin ta zama wata daban. Idan oksijin ya yi ƙaranci, himogulobin ɗin sai ya manne da juna ya yi sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Nan ne tushen ciwon ƙashin da ke hana yaro barci. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kimanin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe, shi ya sa ƙarancin jini da rawayar ido.

Tambayar da ya kamata a jefa wa ɗalibai ita ce: abin da ke kashe yara haka kafin su kai ga aure, me ya sa bai ɓace ba tuntuni? Me ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da shi, a cikin 'yan asalin Ingila kuwa da ƙyar ake samunsa? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka. Taswirar sikila da taswirar zazzaɓin cizon sauro sun hau kan juna. Yaron da yake AS, wato ya gaji S na sikila daga ɓangare ɗaya kawai, lafiyayyen A daga ɗayan, haɗarin maleriya mai tsanani yana ragu masa da kusan kashi 90 cikin 100. Saboda haka rariyar tana tankaɗe ta fuska biyu: sikila tana ɗaukar masu SS, maleriya tana ɗaukar wani kaso na masu AA, masu AS suna tsira su hayayyafa, su miƙa A da S duka ga na baya. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Najeriya ne, sun bi sawun wannan harafi a DNA na mutane da yawa suka ƙiyasta cewa sau ɗaya ya faru, wajen shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa. Wasu masu binciken sun kai shekarun baya fiye da haka, amma ba su saɓa a kan cewa maleriya ce ta yaɗa shi ba.

Lissafin yana da sauƙi, kuma malami zai iya yin sa da wake. A samu jaka biyu, ta uwa da ta uba, a zuba farin wake 50 da jan wake 50 a kowace, fari shi ne A, ja shi ne S. Yaro ya rufe ido ya ciro ɗaya daga kowace jaka, a rubuta, a mayar da waken, a girgiza, a sake, har sau 100. Za a samu kusan 25 AA, 50 AS, 25 SS. Inda gwajin kan lalace shi ne idan an manta ba a mayar da waken ba, domin kowane ciro zai dogara da wanda aka yi kafinsa, kuma haihuwa ba haka take ba. Mahaifa ba ta riƙe lissafi. Ma'auratan da suke AS da AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, ko da na farko ya zo SS. A sa yara su duba ciro huɗu-huɗu a jere, za su ga wani rukunin babu SS ko ɗaya, wani kuma uku. Haka gidaje suke. Idan kuma aka ɗauka mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu SS, wato haihuwa ɗaya cikin 64. Wannan bai yi nisa da abin da ake gani a asibitocinmu ba, wajen jarirai biyu cikin 100.

Tunda gwajin jinotayif kafin aure ya zama ruwan dare, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, bari mu faɗi inda yake kuskurewa. Gwajin nan mai arha da ake ɗiga jini a gilashi a duba ko ƙwayoyin sun lanƙwashe, yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS. Gwajin da ake bi da jinin ta wutar lantarki ya fi shi, amma wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce, jinin mai bayarwa zai gauraya da nasa, SS ya fito kamar AS. Jariri ɗan ƙasa da wata shida yana da sauran himogulobin na cikin ciki mai yawa, yana buƙatar gwaji na musamman. Akwai kuma wani nau'in himogulobin mai suna C, wanda idan ya haɗu da S shi ma ciwo ne, don haka AS da AC ba su tsira ba. A yi gwajin sau biyu a ɗakunan gwaji daban-daban, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, kafin zukata su ɗauru.

Misali na biyu yana cikin ƙwaryar nono. Yawancin mutanen duniya, kamar sauran dabbobi masu shayarwa, jikinsu yana rage ƙera sinadarin narkar da sukarin madara bayan yaye. Shi ya sa wani idan ya sha ɗanyar madara cikinsa ke ƙugi ya kumbura, amma kindirmo ba ya damunsa sosai, domin ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani kaso na sukarin. A cikin al'ummomin makiyaya kuwa, har da Fulani, mutane da yawa suna riƙe da sinadarin har tsufa. An gano sauyin da ke jawo haka ya faru fiye da sau ɗaya, daban a Turai, daban a Gabashin Afirka, daban a ƙasar Larabawa, duk cikin shekara dubu goma da suka wuce, bayan an fara kiwon shanu da raƙuma.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mana rai, domin hannunmu na ciki. Wanda ya manyanta ya tuna lokacin da kulorokwin yake sarkin maganin zazzaɓi. A jikin mai maleriya mai tsanani akwai ƙwayoyin cutar biliyoyi. A cikin irin wannan taro ba a rasa 'yan ƙalilan da kuskuren kwafi ya ba su hanyar fitar da maganin daga cikinsu. Idan an sha magani rabi, ko jabu mai ƙarancin ƙarfi, raunanan sun mutu, waɗannan sun rage, sauro ya kwashe su ya kai gidan maƙwabci. Bijirewar ta ɓulla a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta iso Gabashin Afirka a 1978, ta ratsa nahiyar, har Najeriya ta sauya zuwa maganin haɗi na ACT a 2005. Malawi ta janye kulorokwin tun 1993, kuma bayan shekara goma sha biyu da aka sake gwada shi a can sai aka ga ya dawo yana aiki, domin da aka ɗauke rariyar, ƙwayoyin da ba su bijire ba sun sake rinjaye. Yanzu an tabbatar da alamun bijire wa atemisinin, jigon maganin ACT, a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Maganin haɗi na atemita da lumefantirin sha shida ne cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sauran safe da yamma, tare da abinci mai maiƙo ko madara domin ya shiga jini. Duk wanda ya ji sauƙi a rana ta biyu ya ajiye sauran ƙwayoyin don gaba, shi ke yi wa cutar zaɓen iri.

Yaron da ya fahimci waɗannan uku ya fahimci injin. Sai a zo kan asalin ɗan Adam, kuma a nan ma a faɗi maganar yadda masu ita suka faɗe ta. Ba su ce birin da ke ɓarnar masara a gona kakanmu ne ba. Sun ce jikin mutum da na manyan birai na yau sun haɗu a tushe ɗaya mai nisa, wata halitta da ta shuɗe shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Mu a Filato muna da misali a bakinmu. Masana harshe sun nuna Hausa da Angas da Mwaghavul da Ron 'yan gida ɗaya ne, dangin harsunan Cadi. Hausa ba daga Angas ta fito ba, Angas ma ba daga Hausa ba. Dukansu sun sauko ne daga wani tsohon harshe da babu mai jin sa yau. Mai tambayar me ya sa har yanzu akwai birai, kamar mai tambayar me ya sa har yanzu ake jin Angas ne.

Hujjojin iri biyu ne, ƙashi da DNA, kuma ba wanda ya jira ɗan'uwansa. A ɓangaren ƙashi, mafi tsufa da ake tattaunawa a kansa maƙwabcinmu ne: ƙoƙon kan da aka tsinta a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, aka sa masa suna Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7. Ramin da lakar baya ke bi ta shiga ƙoƙon kai ya matso gaba, kamar na mai tsayuwa da ƙafa biyu, ko da yake har yau masana suna jayayya a kan ko da gaske yana tafiya a tsaye. A Hadar ta Habasha a 1974 aka tono Lusi, kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarangwal, shekara miliyan 3.2, tsawonta bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙugunta da gwiwarta na mai tafiya a tsaye ne, ƙwaƙwalwar jinsinta kuwa ba ta wuce ta babban birin nan cimfanzi da yawa ba, wajen sisi 400 zuwa 500 (cc, ma'aunin da ke jikin sirinji), alhali tamu tana kai wa sisi 1,350. A Laitoli ta Tanzaniya a 1978 ayarin Mary Leakey ya buɗe sawun ƙafafu a cikin tokar dutse mai aman wuta, shekara miliyan 3.6, babban yatsa a jere da sauran kamar namu. A gefen tafkin Turkana a 1984 Kamoya Kimeu, ɗan Kenya, ya gano ƙwarangwal ɗin wani yaro mai shekara miliyan 1.5, jiki dogo irin namu, ƙwaƙwalwa wajen sisi 900. Mafi tsufan ƙasusuwan da ake jingina wa jinsinmu su ne na Jabal Irhud a Maroko, wajen shekara 300,000.

Ɗalibi mai kaifi zai tambaya, wa ya ƙirga waɗannan shekaru? Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsar da aka saba bayarwa, wai kabon-14, sinadarin da ke raguwa a jikin abin da ya mutu, kuskure ce. Kabon-14 yana raguwa da rabi duk shekara 5,730. Bayan rabi goma abin da ya rage bai kai ɗaya cikin dubu ba, don haka ba ya auna abin da ya wuce shekara 50,000. Yana kuma da saurin gurɓata: gawayin da ya tsufa har kabon ɗinsa ya ƙare, idan kashi ɗaya cikin 100 na sabon kabon ya shige shi, daga saiwar ciyawa ko tokar sigari, na'ura za ta ba shi shekara 37,000. Ga tsofaffin ƙasusuwa, tokar dutse mai aman wuta da ke sama da ƙasansu ake aunawa. A cikinta akwai fotasiyam-40, wanda ke rikiɗa zuwa iskar agon, rabi duk shekara biliyan 1.25. Lokacin da dutsen yake narke iskar takan gudu, agogo ya koma sifili. Da ya daskare sai ta fara taruwa. Idan shimfiɗar ƙasa ta ba da miliyan 3.22, ta sama ta ba da 3.18, ƙashin da ke tsakani ya shiga tsakanin. Matsala tana zuwa idan tsofaffin ƙwayoyin dutse sun gauraya da tokar, shi ya sa yanzu ake auna ƙwaya ɗaya-ɗaya a ware baƙin ƙwayoyin, a kuma gwada da wata hanya daban.

A ɓangaren DNA, misali ɗaya ya isa. Mutum yana da kuromosom 46, cimfanzi da gorila 48. Idan da gaske tushe ɗaya ne, dole a samu inda biyu suka haɗe. Kowane kuromosom yana da wani tambari a bakinsa biyu, kamar ƙullin bakin igiya. A 1991 aka gano irin wannan tambari guda biyu suna fuskantar juna a tsakiyar kuromosom na 2 na mutum, tare da ragowar ƙugu na biyu da ya daina aiki, alhali kowane kuromosom ƙugu ɗaya gare shi, kuma jerin abin da ke hagu da dama ya dace da kuromosom biyu na cimfanzi. Wannan shi ake nufi da ka'ida a kimiyya: bayanin da ya faɗi abin da za a tarar kafin a duba, wanda da ba a tarar ba da ya shiga uku.

Masu ƙin darasin suna da ƙorafi ɗaya da muke tare da su a kansa. An yi amfani da sunan Darwin wajen wulaƙanta baƙar fata. An zana tsani aka sa Bature a sama, mu a kusa da biri. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango, Ota Benga, a gidan namun daji na Bronx a Amurka ana kallonsa. A 1912 aka fito da ƙoƙon kan Piltdown a Ingila aka yi ta murnar an samu kakan mutum a Turai, saboda haka da Raymond Dart ya bayyana daɗaɗɗen ƙoƙon kan yaron Taung na Afirka ta Kudu a 1925 manyan masana suka yi masa kunnen uwar shegu. Sai a 1953 gwajin sinadari da madubin ƙara girma suka nuna Piltdown haɗi ne na kan mutum da muƙamuƙin biri, an goge haƙoran da zarto an rina ƙashin. Wannan abin kunya ne kuma a faɗa wa yara shi. A kuma faɗa musu cewa hujjar ce da kanta ta karya tsanin. DNA ya nuna duk mutanen duniya jinsi ɗaya ne, bambancin kowane mutum biyu wajen harafi ɗaya cikin dubu. Afirka ce ta fi ko'ina yalwar bambancin gado, domin sauran duniya daga wani ƙaramin ayari suka fito wanda ya bar nahiyar shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce. Aikin Svante Pääbo, wanda ya samu kyautar Nobel a 2022, ya nuna Turawa da mutanen Asiya suna ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gadon Niyandatal, wasu mutanen dā da suka shuɗe.

Game da addini, mu ba malaman fatawa ba ne kuma ba za mu shiga rigar da ba tamu ba. Abin da za mu iya shaida a kai shi ne iyakar kayan aikinmu. Na'urar ɗakin gwaji tana auna ƙashi da jini da dutse. Ba ta auna ruhi, ba ta da hanyar tabbatarwa ko musanta wahayi, kuma duk malamin da ya tsaya gaban aji ya ce burbushin ƙashi ya nuna babu Mahalicci, ya faɗi abin da fanninsa bai ba shi ba. Haka kuma ba za mu yi wa yara ƙarya mu ce hujjar dangantakar jikin mutum da sauran halittu ba ta da ƙarfi ba. Tana da ƙarfi ƙwarai. Yadda za a fahimce ta tare da nassi aiki ne da malaman addini na ƙasashe da dama suke yi, wasu sun sami hanyar haɗawa, wasu sun karɓi juyin sauran halittu sun keɓe Adamu, wasu sun ƙi. Roƙonmu ga malamanmu na nan gida shi ne su yi wannan nazari a kan abin da kimiyya ta faɗa da gaske. Yaron da aka ce masa duk zancen biri ne kawai, ranar da ya ga hoton kuromosom na 2 a wayarsa shi kaɗai, wanda ya ɓoye masa zai fara zargi.

Abu na ƙarshe ya shafi ƙasar da muke takawa. Yammacin Afirka kusan fanko ne a taswirar asalin mutum, domin ƙasarmu mai tsami ce, tana narkar da ƙashi, kuma ba mu da irin tsagewar ƙasa ta Habasha da Kenya da ke tono tsofaffin shimfiɗu waje. Tsohon ƙwarangwal da aka fi sani a Najeriya shi ne na kogon Iwo Eleru kusa da Akure, wanda Thurstan Shaw ya tono a 1965, wajen shekara 13,000. Da aka sake auna shi a 2011 sai aka ga ƙoƙon dogo ne mai kwanciya, ya fi kama da na mutanen da suka girme shi da nisa. A 2020 kuma wani nazarin DNA na Yarbawa da Esan da Mende ya nuna alamar gado daga wasu tsofaffin mutane da ba a taɓa samun ƙashinsu ba. Ke nan akwai babi a nan da ba a karanta ba.

Filato tana da rabonta. Haƙar kuza ta fito da gatura na dutse, masu siffar ganyen mangwaro, an sassaƙe su fuska biyu, a wurare kamar Mai Idon Toro. Wannan ƙira ta fara a Gabashin Afirka sama da shekara miliyan 1.7 da suka wuce, ta girmi gatarin aradu mai santsi da manoma ke tsinta nesa ba kusa ba. Amma yawancin namu an same su ne a tsakuwar da ruwa ya kwaso, ko a hannun leburori bayan an wanke ƙasa, saboda haka shekarunsu sun tsere. Gumakan Nok ma, waɗanda jiya-jiya ne a wannan ma'auni, ta ramin kuza suka fara fitowa, kuma su ne suka taimaka wa Bernard Fagg kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Yau haƙar ma'adinai ta dawo da ƙarfi, rami a kan rami daga Barikin Ladi zuwa Bukuru, ba mai duba abin da shebur ke fitarwa. Dutsen da aka cire daga shimfiɗarsa ya zama takarda marar kwanan wata.

Saboda haka wanda ya ci karo da sassaƙaƙƙen dutse, ko ƙashi mai nauyi kamar dutse, ko fashasshen gunki, a gona ko a rami, ya dakatar da tono a wannan gefen. Kada ya ciro shi, kada ya wanke, kada ya shafa masa mai ko gam. Ya ɗauki hoto daga sama da kuma daga gefe yadda shimfiɗun ƙasa za su fito, ya ajiye biro ko ma'auni kusa domin a gane girma, ya auna zurfin daga saman ƙasa, ya adana lambar wurin da taswirar wayarsa. Idan akwai gawayi a wannan shimfiɗa kuma ruwa na shirin tafiya da shi, a ɗebe shi da tsabtataccen cokali a naɗe a takardar alminiyam, ban da auduga ko jarida, a rubuta zurfin a jikin leda ta waje. A rufe wurin da leda da ƙasa mai laushi, a sanar da mai unguwa, a kai rahoto gidan tarihi na Jos, wanda ke ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana sayar da irin waɗannan kaya ga dillalai da fitar da su waje ba da izini ba. Muna kuma roƙon hukumar da ma'aikatar ilmi ta jiha su buga wannan bayani da Hausa a takarda mai hoto, a raba wa ƙungiyoyin masu haƙar kuza da makarantun da ke kusa da ramuka.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman ilmin halittu da ma'aikatan ɗakin gwajin jini,
Jos, Jihar Filato.